Nabizin Gonar Ɗa'ifa

Har gobe ban manta da ranar da na fara kai baƙi Ɗa'ifa ba. Lokacin ina sabon tafinta a wani ofishin ziyara a unguwar Misfala ta Makka, ina watannin gwaji. Tun da safe mudir, shugaban ofishin, ya ja mini kunne: "Hamza, ƙorafi ɗaya daga baƙi, halas, ka koma gida."

Tsarin shi ne mu hau Ɗa'ifa da masu umara su huta a gonar inabi, da yamma su ɗauki harami a mikati mu sauko Makka. Mai gonar, wani dattijo Amm Salih, ya zaga da mu yana nuna yadda ake shanya inabi a inuwa har ya zama zabibi. Ina ta fassara, har ina jin kaina. Sai ya buɗe wani tulu ya ce, "Tafaddalu, nabiz," wato bismillah, ga nabiz.

A Larabcin da na tashi da shi a unguwarmu Ka'akiyya a Makka, nabiz giya ce, ba wani kwana-kwana. In na ce giya, na yi wa dattijo ƙazafi a gaban baƙi. In na ce lemo kuma ta tabbata giyar ce, na tura mutane ɗaukar harami da ita a ciki.

Alhaji Sani, jagoran tawagar, ya ce, "Ɗana, me ya ce?"

Na ce, "Baba, ya ce... ku ɗan dakata." Ina! Hajiya Binta, wata dattijuwa 'yar Kano, tuni ta karɓi kofi.

Na raɗa wa mai gonar, "Ya ammi, nabiz? A nan?"

Ya bugi ƙirji. "Babu irinsa a Ɗa'ifa! Kakana ya koya mini." Wallahi sai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Na ce to ya faɗi yadda ake yi. Ya ce a wanke zabibi, a zuba a ruwan sanyi da asuba, a rufe, a shanye kafin dare. In ya fara kumfa ya lalace, zubarwa ake yi. Ina mayar da maganar Hausa, amma ni kaina ban gane me nake faɗa ba.

Hajiya ta kwashe da dariya. "Kai, ai jiƙo ne! Jiƙon zabibi. Shi ne kake ta zufa haka?" Ta kafa kai ta shanye.

Alhaji ya ce, "Hausar ce ta gudu ko Larabcin?" Na ce duka biyun. Kunya kamar in nutse.

Da muka sauko na zaci tawa ta ƙare. Sai na ji Hajiya tana ce wa mudir, "Ka riƙe wannan. Ya gwammace mu yi masa dariya da ya shayar da mu abin da bai sani ba."

Ku da kuka shigo aikin bana, in kalma ta rikita ku kada ku yi mata shaci-faɗi. Ku ce a faɗi yadda ake yin abin. Sau da yawa baƙon da kuke wa tafinta ya riga ku sanin sunansa.