Ba-Tashi da Rajistar da Gara Ke Ci

Ta fara jin sunansa ne a bakin mai shagon kwamfuta, ranar da ta je buga tarihin gidansu.

"Ba-Tashi, kujerar nan haya ka kama?"

Dattijo ne siriri, ƙafar tabaransa ɗaure da zare. A gabansa akwai tsohuwar rajistar makaranta da gara ta ci rabinta. Tana kyautata zaton tsohon malami ne, yana son kwashe sunayen ɗalibansa kafin gara ta ƙarasa. Ya gina shafin intanet, ya kafa rumbun bayanai a kwamfutar tebur, amma sun ƙi gaisawa. Duk sanda ya buɗe shafin, sai jan rubutu mai nuna kuskure ya tare shi. Ba ya tsaki. Yana rubuta kuskuren a takarda, ya gyara kalmar sirrin rumbun, ya sake gwadawa.

Can jan rubutun ya ɓace.

Mai shago ya ce, "Baba, zuba kowane shirme mu ga ko zai zauna."

Dattijon ya girgiza kai, ya juyo gare ta.

"'Yata, ba na gwaji da sunan ƙarya. Ba ni sunan wanda ba kya so a manta da shi."