Jakar da Kawu Ya Hana Ni

Jiya igiyar jakar kyamarata ta tsinke a Yelwa, sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini ɗaukar hoto da na bar koyarwa a shekarun casa'in.

Ranar zaɓen jaka, da doya biyu ya zo kasuwar Jalingo. Wai nauyinsu ɗaya da kyamara da gilasanta. Duk jakar da muka ɗauka sai ya zuba doyar, ya rataya mini, ya ce, "Je bakin titi ka dawo."

Akwai wata baƙa mai soso a ciki, tana ƙamshin sabuwar fata. Kafaɗata ko nauyin doyar ba ta ji ba. Na dawo ina murmushi.

"Ajiye," in ji shi. "Ba taka ba ce."

"Kawu, saboda me?"

Ya fitar da doyarsa daga ciki. Ya zaɓa mini wata koriya mai kaushi, wadda ta yi shekaru tana goge mini wuya.

Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa, sai ga baƙar jakar nan sabuwa fil, har da ɓurɓushin ƙasar doya a ciki. Ni ya ajiye wa? To me yake jira? Mahaifiyata ma ta ce ba ta sani ba.

Yau na rataya baƙar jakar, har yanzu ban san ko tawa ba ce. Allah Ya sauke masa kowane nauyi, ni kuma Ya yafe mini fushin da na yi da shi.