Baba Illa Mai Naɗin Wayar Antan

Baba Illa ya rasu. Da safen nan ɗansa Salau ya kira ni, ko karin kumallo ban gama ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina rubuta wannan ne a bakin ƙorama, kan hanyar Tabotaki. Daga Madawa na taso, nan ruwa ya tsare mu. An yi ruwa mai yawa can tudu, ƙorama ta kawo, ta cinye hanya. Sofer ya kashe mota, ya ce ko ubansa ne kwance a ƙetare ba ya shiga. Na zage shi tas. Gaskiyarsa.

Salau ya ce ana sallame azahar za a yi jana'iza, ba su iya jira. Su ma gaskiyarsu.

Da yawanku ba ku san shi ba, to ku ji.

Farkon shekarun tamanin aka kawo mana tele, wato talabijin ta gari, a Allakaye, guda ɗaya tak, da farantin hasken rana da antan mai kamo hoto bisa dogon ƙarfe. Ni aka damƙa wa makullin akwatinta don ina ɗan haɗa baƙi, ko da yake ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba.

Damina ta faɗi, hoto ya soma rawa. Dattawa suka zauna, suka ce mahaɗin nan da waya ke shiga antan shi ruwa ke duka. Sai suka sa Tsoho Habu baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, sak laya. Wai layar da ke wuyan jikokinsu tana shekaru ba ta jiƙe ba. Na ce fata shan ruwa take ta riƙe. Aka ce yaron nan baki gare shi.

Kafin gero ya fid da kai, tele ta koma shuuu, ba hoto ba murya.

Sai ga Baba Illa bisa ɗan babur ɗinsa mobilet, shi ke zagaye garuruwanmu yana gyara. Ya hau tsani, ya farke fatar, ruwa ya tsiyayo masa har gwiwar hannu. Tagulla ta yi kore shar. Ni kuwa na buɗe murya gaban kowa: "Kun gani? An yi wa ƙarfe laya!"

Ya dubo ni daga sama ya ce, "Kai Barkono, taho riƙa min tsani, bakin ga naka ba ya riƙe shi."

Daga ranar sunan ya bi ni.

Tsoho Habu na gefe, kai sunkuye. Baba Illa ya jefa masa tsohuwar robar cikin taya ya ce, "Baba, wuƙarka ta ɗara tawa. Tsaga min wagga siri-siri, ba mai yi kamarka." Tsohon ya zauna ya tsaga ta, ko karkata babu. Har ya koma ga Allah yana faɗa wa mutane da shi aka gyara tele.

Baba Illa ya kankare tsatsar, ya bar mahaɗin ya bushe a rana, ya shafa giris. Sannan ya kama robar yana ja yana naɗawa. "Daga ƙasa zuwa bisa, kamar baibayar rumbu. Kowane zagaye shi hau kan na ƙarƙashinai. In ka faro daga bisa, ka buɗe ma ruwa ƙofa." Ya kuma bar wayar ta sauko ta yi ciki kafin ta shiga ɗaki, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa.

Duk zuwansa, kayan gyara cikin tsofaffin jaridu yake ƙunso su, ya bar mini takardun. Daga baya na gane da gangan yake ƙara ƙunshin. A kansu karatuna ya nuna. Da naɗin nan nake ci da iyalina yau, ina kafa parabol, farantin kamo tashoshin tele.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Buza ne, bayan Sallah. Hannuwan nan sun kama rawa, ko kofin shayi sai na tallafa masa. Ya ce, "Barkono, furfura ta fito, har yanzu ba ka huce ba?" Na ce sai dai a kabari. Ya yi dariya har da tari.

Na sake zuwa bakin ruwan yanzu. Wani saurayi ya kafa kara don mu ga ko yana janyewa. Ruwa ya tafi da karan.

Ban san wa zan yi wa faɗa ba. Wallahi na duba, ban samu ba.

Salau ya sake kira. Ya bar wayar a buɗe cikin aljihunsa. Na ji shigar sahu, na ji liman ya yi kabbara, reso na ɗaukewa yana dawowa. Na tsaya cikin laka na fuskanci gabas. Sofer ɗin da na zaga ya cire hularsa, ya zo ya tsaya kusa da ni.

An rufe shi. Ina nan wannan gefen.

Ya Allah ka jiƙan Illa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ruwan nan ya zama sanyi a gare shi. Ka ba Salau da ƙannensa haƙuri.

Ku da wannan ya iske, ni ban samu sahu ba. Don Allah kowa ya karanta masa Ƙulhuwallahu daga inda yake.