Ranar da likita ta fitar da ni waje

"Ɗan ba mu wuri," likitar ta ce mini. Na fita da haushi. Ni na ɗauko Inna daga Tanut zuwa Damagaram, kuma duk asibitin da muka je ni ke yin bayani.

Ciwon ya daɗe. Haka kawai kanta zai sara, zufa ta karyo mata, zuciya ta hau bugawa. Kafin a auna tansiyon, wato hawan jinin, ya sauka, a ce ba komai. Wallahi na gaji da hanyar nan.

Da aka kira ni, likitar ta ce, "Ka san in ta yi fitsari abin ke tasowa? Har ruwa ta rage sha."

Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa?"

Ta kau da kai. "A gaban ɗan fari? Sunanka ma ba na kira, balle wannan."

Yanzu ana zaton ƙari ne a mafitsara, mai zubo abin da ke tayar da jini. Irinsa saman ƙoda ya saba fitowa, nata ya ɓuya inda ba a nema. Sai an auna fitsari, an ɗauki hoto a Yamai. Wata tafiyar ke nan.

Ƙanwata ce za ta raka ta. Ina ganin kula nake yi da Inna, ashe zamana a ɗakin ke rufe mata baki.

Ku wa ke shiga da iyayenku mata wurin likita?