Akushin Sule

Bayan magariba Sule ya ajiye akushinsa a gefen tabarmata, kamar yadda ya saba tun muna angwaye. A unguwarmu kusa da rijiyar Kusugu ciyayya muke yi, kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa a ci tare.

Sai dai lokacin zaɓe ne, ƙarshen shekarun saba'in, kuma ran nan aka ga tutar jam'iyyar da unguwarmu ba ta yi a jikin sabon babur ɗinsa. Babu wanda ya sa hannu a tuwonsa. Har da ni.

Ya matso ya ce, "Malam Idi, bari in gaya maka dalilina."

Na dubi idanun da ke kanmu, na ce, "Ba yau ba, Sule."

Ya rufe akushinsa ya shige gida. Daga baya ya koma Baure, can ya rasu.

Jiya na ga irin akushin a kasuwa, sai na tuna har yau ban san dalilin nasa ba. Ba ƙinsa na yi ba, tsoro na ji a gan ni ina saurarensa.

Ku fa, wa kuka ce wa "ba yau ba"?