Facin da Malam Lawali bai aika ba

Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar gida ina ɗaure takardun ɗalibai a bayan moto, wato babur ɗina. Yayansa Sani ne ya kira. Ya ce in zo asibiti, Lawali ya cika tun asuba. Sai na ji bakina yana tambayar wane Lawali, alhali Lawali ɗaya na sani wanda Sani zai kira ni a kansa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi bayan azahar. Yanzu na dawo daga gidan zaman makoki, na kasa cin abinci, na kasa zama da mutane, shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan.

Ga wanda bai san shi ba: malamin lissafi ne a lisenmu, makarantar sakandare ta nan Dakoro, kuma shi ke riƙe da ɗakin kwamfuta. Ni tarihi nake koyarwa. Shekara tara muna aiki wuri ɗaya.

Ranar da aka turo ni garin nan ban san kowa ba. Na sauka tasha da katifa da jaka ɗaya. Shi ya fara yi mini magana a harabar makaranta, ya tambaye ni ina zan kwana, na ce ban sani ba tukuna. Wata biyu na yi a ɗakin zaurensu. Kullum matarsa Rakiya sai ta aiko da tuwo kwano biyu, bai taɓa bari na yi maganar godiya ta kai ƙarshe ba.

Da mahaifiyata ta rasu, wayata ta faɗa ruwa da hotunanta duka a ciki. Na fid da rai. Ya karɓi wayar. Bayan kwana huɗu ya miƙo mini kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce in duba in na je gida. Hotuna goma sha ɗaya ya ceto. Su kaɗai nake da su har yau.

Haka yake. Ba ya son a tsaya ana kallonsa in ya yi abu.

Amma abin da ya fi ci mini rai yau shi ne aikin da ya bari a tsaka, kuma ina so ku san shi, don yawancin mutanen garin nan sun ɗauka gyaran waya kawai ya iya.

Muna da kwamfutoci goma sha huɗu a makaranta, tsofaffi, irin masu murfi da ake ɗauka a hannu. Kyauta aka kawo su, an riga an more su a wata ƙasa. Lawali ya zuba musu wani tsari na kyauta wanda mutane daga ko'ina a duniya ke haɗuwa su rubuta, kowa na iya duba cikinsa. Da sola muke kunna su, don kuran, wutar lantarkin gari, ba ta da tabbas.

Lokacin sanyi lafiya lau. Da bazara ta shigo sai su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliba tana tsakiyar rubutu, fanka ta yi ta ƙara, ƙasan na'urar ya yi zafi kamar murfin tukunya, sai ɗif. Batiran sola ma kafin azahar sun zube. Kowa ya ce tsufa ne da zafin Dakoro, a haƙura.

Shi bai yarda ba. Ya sayi littafi na musamman, ya ari ma'aunin zafi, ya riƙa rubuta wace na'ura ta mutu, ƙarfe nawa, wa ke kanta, me aka yi da ita kafin nan. Mun yi ta tsokanarsa a ɗakin malamai, muna ce masa likitan matattu.

Bayan sati biyar ya kira ni ya nuna mini shafin. Duk na'urar da ta mutu, an rufe murfinta lokacin hutun ƙarfe goma, aka dawo aka buɗe. Waɗanda aka bari a buɗe ba sa mutuwa.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. A cikin kwamfuta akwai prosesa, ita ke yin dukkan lissafin. Ba a so ta yi ta gudu da iyakar ƙarfinta kullum, don zafi take yi, wuta take sha. To akwai wani ɗan rubutu a cikin tsarin, masu sana'ar suna ce masa direba, shi ke gaya mata ta ƙara sauri in aiki ya yi yawa, ta sassauta in babu. Direban irin prosesarmu yana da kuskure. In na'ura ta yi barci ta farka, sai ya manta da matakan sassautawa, ya bar ta a kan mafi girman gudu har ta ƙone kanta ta ɗauke.

Na tambaye shi yaya aka yi duk masanan duniya ba su gani ba. Ya ce, "Waɗanda suka rubuta shi ba su taɓa zama a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ba, Malam Habu. A wurinsu fanka ta isa. Sai an zo nan ake ganinsa."

Ya rubuta gyara. Faci suke ce masa, kamar na taya. Layi kaɗan ne, na gani da idona, bai cika shafi ba, amma ya ci masa kusan shekara. Da faransanci ya yi karatu, su kuma masu kula da tsarin, waɗanda ake aika wa gyara, da inglishi suke magana, don haka kowace wasiƙa sai ya zauna da ƙamus. Wani lokaci ya gama rubutawa rezon intanet ya ɗauke, sai ya hau moto ya je bakin gari inda yake kamawa.

Sau huɗu yana aikawa, sau huɗu ana maido masa. Na farko an ce bai bi ƙa'idar rubutu ba. Na biyu an ce ya raba shi gida biyu. Ni da na ji haushi na ce wulaƙanci ne, ya bar musu abinsu. Ya ce ba wulaƙanci ba ne, haka ake yi wa kowa, kuma duk maidowa yana koyon abu.

A karo na huɗu babban mai duba ɓangaren, wani mutum da Lawali bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuto masa doguwar amsa. Ya ce facin ya gyara namu, amma akwai wata prosesa ƴar'uwar tamu da ke amfani da direba ɗaya, kuma yana tsoron facin zai sa ita ta maƙale a kan mafi ƙarancin gudu. Sai an gyara wannan, an gwada a kan na'ura ta gaske, an aiko da sakamako. Ya ƙara da cewa direban ya tsufa, an daɗe babu mai kula da shi, ana shirin cire shi gaba ɗaya daga tsarin. In Lawali zai ɗauki nauyinsa, za a bar shi, a rubuta sunansa a matsayin mai kula.

Ranar ya yi dariya irin wadda ban saba ji daga gare shi ba.

Ya yi ta cigiyar na'ura mai irin waccan prosesar. Daga ƙarshe ya ji akwai ɗaya a wani ɗakin shan magani a Sabon Maci, majon wurin, wato babban ma'aikacin lafiyar da ke riƙe da shi, abokinsa ne tun makaranta. Ya sa ranar Laraba, jiya kenan, don ba shi da aji da rana.

Shekaranjiya Talata na gan shi na ƙarshe.

Bayan la'asar na leƙa ɗakin kwamfuta in karɓi makullin kabad. Yana zaune, ya dafa shayi, ya riga ya jawo kujera ta biyu kusa da tasa. Ya ce in zauna minti ashirin kawai ya nuna mini yadda ake saka facin a na'ura da yadda ake gwajin. Ba ranar ya fara roƙona ba. Ya fi sau goma.

Na ce ina da takardun aji uku ban gyara ba, ya bari sai ya dawo.

Ya dube ni, ya ce, "Ni kaɗai na san abin nan a duk garin nan, kuma ba abin alfahari ba ne. Tsoro yake ba ni."

Na ce masa ina za shi da zai ji tsoro. Na shanye shayin a tsaye, na ɗauki makulli, na fita.

Minti ashirin.

Takardun suna nan a bayan moto, har yanzu ban kwance su ba.

Abin da ya faru jiya, daga bakin majon na ji, don ya zo jana'iza. Ya ce Lawali ya iso kafin azahar, ya ƙi cin abinci sai da aka matsa masa. Ya saka sabon gyaran, ya riƙa rufe murfi yana buɗewa, yana duba lambobi yana rubutawa a tasa kwamfutar. Gwajin farko bai yi ba. Ya canza wani abu, ya sake. Wajen la'asar ya miƙe tsaye ya ce, "Alhamdu lillahi, ya yi. Duka biyun sun yi."

Majo ya ce masa ya aika nan take mana. Ya ce a'a, wasiƙar tana son natsuwa, ƙamus ɗinsa yana gida, ba ya son ya aika inglishi mai kunya a karo na ƙarshe. Majo ya ce to ya kwana, rana ta yi sanyi. Ya ce yana da aji ƙarfe takwas.

Bayan Kornaka moto ya ƙwace masa a wurin da yashi ya hau hanya. Wasu masu mota suka ɗauko shi zuwa Dakoro. Wayarsa ta farfashe, babu wanda ya gane shi da wuri, sai can aka samu danginsa. Bai farfaɗo ba.

Ƙarfe takwas ɗalibansa suka taru a ƙofar ɗakin kwamfuta suna jira. Shugaban makaranta ne ya je ya gaya musu. Ban iya zuwa ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Sani ya jawo ni gefe ya miƙa mini jakar da jandarmomi suka kawo. Ya ce ni ne abokin aikinsa, ni zan san abin da za a yi da ita. Kwamfutar tana ciki, gilashin ya tsage ta gefe ɗaya, amma da na danna ta kama. Sai ta tsaya tana neman kalmar sirri.

Na aika a tambayi Rakiya. Ta ce ba ta taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na gwada sunayen ƴaƴansa biyu, na gwada sunan mahaifiyarsa. Na san kuma ba irin mutumin da zai sa suna ba ne. Ya taɓa gaya mini ya kulle faifan ajiyar kwamfutar yadda ko an cire shi an kai wata na'ura ba a iya karanta komai. Lokacin na yaba masa.

Littafinsa ma na duba. Shafin ƙarshe kwanan watan jiya ne kawai da lambobi layi shida. Abin da ya canza a gwaji na biyu bai rubuta a takarda ba.

Na san wasunku za su ce a nemi wani ya ƙarasa. Na yi ta tunani tun rana. Ban san kowa ba daga nan har Maradi da ya taɓa buɗe cikin direba, balle ya san wannan. Zan rubuta wa babban mai dubawar can in gaya masa Lawali ya rasu, don kada ya ɗauka gajiya ya yi ya gudu. Amma ba ni da abin da zan haɗa masa da shi. Shi kuma ba shi da irin na'urorinmu, ba shi da zafinmu, ya riga ya faɗi abin da zai faru in babu mai kula.

Kwamfutocinmu suna aiki yau, saboda Lawali ya saka musu faci na huɗu da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da ɗaya ta samu matsala aka sake zuba mata tsari, facin ya tafi, kuma babu mai maido shi. Haka za su koma mutuwa, wannan bana, waccan baɗi, har a kulle ɗakin a mai da shi wurin ajiyar tebura. Ɗaliban da ke zuwa daga Bader Goula da ƙauyukan kewaye, waɗanda a ɗakin nan suka fara taɓa kwamfuta a rayuwarsu, ƙannensu ba za su samu ba.

Ba na faɗin haka don a ba ni haƙuri. Abin da na gani ne nake faɗa.

Mahaifinsa, Baba Alhaji, ya kusa tamanin, idonsa ya yi rauni. Da na durƙusa zan yi masa gaisuwa ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ɗana, wai aikin da ya kai shi can, ya gama shi?"

Na ce ya gama, Baba.

Ban san ko gaskiya na faɗa masa ba.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Lawali. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Abin da ya koyar, da abin da ya gyara wa mutane ba tare da sun sani ba, ka sa ya tarar da shi a mizaninsa, kai da ba a kulle maka komai. Ka ba Rakiya haƙuri, ka raya ƴaƴansa Nana da Hadiza cikin albarka, ka ƙarfafa zuciyar tsohon nan da ya binne ɗansa yau. Ni kuma ka yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka tsaya a kan rubuta amin a ƙasa. In ka yi sallar da ke gabanka, ka ɗaga hannu ka ambaci sunansa.