Ragunan da Na Ɗaure a Ladji

A lokacin ni mutum ne mai ji da kansa, ɗan Zongo gaba da baya, na karɓi sana'ar raguna daga hannun Baba bayan gwiwoyinsa sun gaza. Duk shekara in Babbar Sallah ta matso, kamiyo, wato babbar motar kaya, kan sauke mana dabbobi daga arewa, mu ɗaure su a ɗan filinmu na unguwa. Wurin ya yi mini kaɗan, ni kuwa so nake a ce na fi tsoho. Sai na samu fili a Ladji, bakin ruwa, ga faɗi ga arha, na yi shekara uku ina ɗauri can lafiya lau.

A ta huɗu Baba ya zaunar da ni, ya ce bana kada in kai su. Ya ce Sallah tana ja da baya kowace shekara, wannan karon za ta faɗo tsakiyar manyan ruwa, kamar yadda ta yi ina goye a bayan Inna. Ya fara ba ni labarin wancan karon, na katse shi da dariya, na ce yanzu akwai kwalbatoci, zamaninsu ya wuce.

Saura kwana shida Sallah aka wuni ana tafka ruwa. Ina rumfa ina jira ya tsagaita, ashe Baba ya hau babur ɗin haya ya tafi Ladji. Da la'asar na isa, na tarar da shi cikin ruwa har ƙugu, yana kwance igiyoyi, raguna sai kuka suke. Bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Kama wancan, ɗana, ya gaji."

Mun fitar da su duka. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya riƙe, ranar jajibiri muka kai shi makwancinsa. Ragunan kuwa babu wanda bai sayu ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na ɗauka abin da ban taɓa gani ba bai taɓa faruwa ba, alhali wani abin sai ya shekara talatin kafin ya zagayo. Ina roƙon masu karatu, in tsohonku ya ce ya taɓa gani, ku zauna ku ji me ya gani. Ni ban bari ya ƙarasa ba, kuma har yau ban san ƙarshen labarin ba.